Shafin da Uwar Biyu ta Yanke

Ranar da Uwar Biyu ta cika sati da tarewa a ɗakunan sama, na shanya hijabin sallata a igiyar tsakar gida na tafi asibiti karɓar magani. Ruwa ya kama ni a hanya. Da na dawo na tarar da igiya wayam, na ce to, iska ta yi gaba da shi. Sai ga shi a bakin ƙofata cikin leda, a bushe, an goge an ninke. Gefen nan da ƙusa ta yaga tun bara, wanda kullum nake cewa gobe zan kai, an bi shi da ɗinki ƙanana kamar jerin tururuwa. Ba ta ce ita ce ba. Amma tela ɗaya ce a gidan.

Ban yi sallah da shi ba ranar. Na zauna ina juya shi ciki da waje, ina tambayar kaina me yarinyar nan take so a wajena. Allah ya yafe mini zato. Sai dai ina da dalili, domin na san 'yar waye.

Shekara ashirin da biyu kafin nan aka yi gobara a masaƙar da maigidana yake aiki. Mutum goma sha ɗaya suka rasu a bayan ƙofar baya, saboda an sa mata kwaɗo ta waje, kuma maigidana yana cikinsu. Wanda ya ɗana kwaɗon da hannunsa shi ne mai gadi. Uwar Biyu 'yarsa ce. Ran da suka sauke kaya na gane ta, don goshinsa ne da ita, har da yadda yake sunkuyar da kai in zai shiga ƙofa.

Akwai kuma abin da na sani ban taɓa faɗa ba. Maigidana ya sha yin mita a gida cewa ofis ne suka ce a riƙa kulle ƙofar, wai ma'aikata na fitar da yadi ta nan, kuma da zarar mai gadi ya kulle da safe sai ya hau ya miƙa makullin a ofis. Ranar gobara ofishin a rufe yake, manaja ya fita. Da kwamitin bincike ya zauna ina cikin takaba, ba wanda ya zo ya tambaye ni, ni kuma ban aika ba. Suka rubuta cewa sakacin mai gadi ne. Na bar shi a haka. Gaskiyar da zan faɗa tsakanina da Mahaliccina ita ce, manajan ban san fuskarsa ba, mai gadin kuwa na sani, kuma a lokacin ina bukatar fuskar da zan ƙi.

Ita tana da shekara tara aka yi abin. Daga baya na ji daga bakinta cewa wata ɗaya ta ƙara a makaranta. Yara suka sa mata 'yar mai kwaɗo, suna biyo ta suna kaɗa makullai a bayanta, malamin aji yana ji yana ci gaba da rubutu a allo. Uwarta ta cire ta ta kai ta wajen wata gwaggonta mai keke. A can ta koyi ɗinki, ta koyi kuma rashin yarda da komai sai ta gwada. Duk yadin da aka kawo mata sai ta yanki ƙyalle ta jiƙa ta ga ko yana zuba. Duk rigar da aka miƙa mata sai ta juya ta baibai kafin ta kalli gabanta. Ko gaisuwa ka yi mata sai ta ɗan tsaya kafin ta amsa, kamar tana duba ɗinkin cikinta. Karatunta kuwa ita ta ƙarasa wa kanta, da tsoffin jaridun da ake naɗo kaya a ciki.

Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai kwana gida ba. 'Ya'yanta mata biyu tagwaye, 'yan shekara bakwai. Ɗaya ana ce mata Tsuntsuwa saboda baki, ɗayar Auta, mai ciwon sikila. Auta ta yi sati a makaranta ta yi biyu a kwance, Tsuntsuwa kuma ta ce ƙafarta ƙafar 'yar uwarta. Uwar ta gaji ta ce ita za ta koya musu a gida. Abin dariya, kayan makarantar 'ya'yan mutane take ɗinkawa, a rataye jere a ƙusoshi, nata 'ya'yan suna ƙasan tebur da littafi. Tana taka keke tana jan baƙi. Lissafi da maɓallai suka koye shi, awo da tef. Karatun Alƙur'ani wata malama ke zuwa da yamma. Duk wannan ya tafi daidai, sai da aka zo kan tarihi.

Tsohon mai gadin, ubanta, yana raye. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo, ya wuce ƙofata kansa a ƙasa, ya yi sallama a hankali, ni kuma in amsa a hankali. Da ya taka matakala sai yaran su rugo.

"Ga tsoho mai hannun leda!"

"Ku ci gidanku. Wace ce yau za ta ba maigida ruwa?"

"Kai ne maigidan? Da wannan haƙoran guda uku?"

Hannuwansa sun ƙone har gwiwar hannu, fatar tana sheƙi. Sun san ya yi gadi a masaƙa, sun san wuta ce ta taɓa shi. Iyakar abin da suka sani ke nan. Abin da ke ran uwarsu, wanda ni ma ina ganinsa daga ƙasa, shi ne ranar da za su san sauran, da bakin da za su ji shi.

Littafi na farko ƙanin mijinta ne ya kawo, wanda ake ce wa Malam, yana koyarwa a firamare. Ina wanke kwanuka a famfo, su suna kan matakala.

"Matar yaya, ga abin da ake koyarwa a ko'ina. Shi ake tambaya a jarrabawa. Ki huta da wahalar da kanki."

"Wa ya rubuta?"

"Kwamiti ne."

"Kwamiti ba shi da uwa ba shi da uba? In na ga ƙarya sunan wa zan kira?"

"Ke dai ko ruwa aka ba ki sai kin tambayi wanda ya haƙa rijiyar."

"Ka taɓa jin na yi ciwon ciki?"

Ya yi dariya ya ce yayansa ya auro ɗan sanda. Ita ba ta yi ba. Tun bai sauka ba ta buɗe littafin ta baya, yadda take yi wa riga. Sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da shekaru, sai can wajen ƙarshe aka yi babi kan masana'antu. Na ga inda yatsanta ya tsaya. Ta rufe, ta leƙo ƙasa, muka haɗa ido. Na mayar da kaina kan kwanona.

Washegari na tarar da littafin a kan tagata, wai mantuwa aka yi. Uwar Biyu ba ta mantuwa, allura ma ta san adadin nata. Karatuna na ajin manya ne, shekara biyu na yi bayan rasuwar maigidan, sai na bi layi da yatsa. Na nemi shafin na samu. Layi huɗu ne da hoton bango baƙi. An ce ma'aikata goma sha ɗaya suka rasa rayukansu sakamakon sakacin mai gadi, kuma daga nan aka gyara dokar ƙofofi. Na mayar da shi yadda aka ajiye, bakinsa yana kallon gabas kamar dā. Da ta zo ɗauka ta dubi littafin, ta dubi fuskata, ta ce, "Sannu da hutawa, Inna." Na ce, "Sannu kadai."

Na biyu wata mata ce ta ara mata, cikin matan da suke hira a waya kan koyar da yara a gida. Manya-manyan littattafai huɗu masu launi. Wannan karon ta aiko Tsuntsuwa ta kira ni sama, wai in duba mata wani abu na addini. Karo na farko ke nan da na hau. Ɗaki ne mai taga ɗaya, keke a gabanta, ƙyallaye cikin buhu, an liƙa takardun yara a bango da allurai.

"Inna, dubi hotunan nan. Gumaka ne na mutanen dā. Ya halatta yara su gani?"

Na ce ni ba malama ba ce, amma gani daban, bauta daban, ta tambayi malamarsu. Na san ba don wannan ta kira ni ba, malamar tana zuwa kullum.

"Shi wannan daga farkon duniya yake farawa," ta ce. "Masu zama a kogo, masu rubutu a kan laka. Kowane littafi shekara guda. Sai a na huɗu ake isowa zamaninmu."

"Shekara huɗu ke nan."

"Shekara huɗu."

Tana faɗa tana shafa bangon littafin. A watan nan tarin tsohon ya ƙaru, yana hutawa sau biyu kafin ya kai sama. Ban ce ta yi lissafin ko zai kai shekara huɗun nan ba, Allah ne masanin zuciya. Amma ni na yi shi a tsaye a wajen, kuma na ga ta ga na yi.

Ta gwada darasi ɗaya a kansu, yadda take jiƙa ƙyalle. Auta ta so shi ƙwarai, ta yini tana zane da tsinke a kan laka. Tsuntsuwa kuwa ta ce, "To mu lokacin muna ina? Kaka yana ina?" Uwar ta ce ba a haife shi ba. Ta ce, "To a karanta mana daga inda aka haife shi."

Akwai kuma wani na uku daban, shi ba ta nuna mini ba, ni na gani. Gefensa ya leƙo daga ƙarƙashin zanen da take rufe keke. 'Yan takardu ne da aka ɗinke a tsakiya, wata tsohuwar malama da ta yi ritaya ta tsara. Da ta lura idona yana wajen sai ta zaro shi da kanta, don ba ta son a ce ta ɓoye.

"Wannan shirme ne," ta ce. "Babu sarki babu yaƙi. Wai yaro ya fara daga ƙofar gidansu. Kowane sati a ba shi tambaya ɗaya ya kai wa babba."

Ta miƙo mini a buɗe, kuma ba a shafin farko ba. Sati na biyar ne. An ce yaro ya nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidan da yake zaune, ya tambaye shi babban abin da ya taɓa faruwa a garin a kan idonsa.

A gidan nan kaf babu wanda ya kai ni shekaru.

Na miƙa mata na ce, "Rubutun ya yi mini ƙanana." Ta ce, "Haka ne, Inna." Na sauko.

Sati biyu tana juyi. Ina jin kekenta ya tashi ya tsaya, ya tashi ya tsaya, ba kamar dā ba da yake tafiya ɗaya. A tsakanin nan ta ɗinka mini rigar filo biyu ban tambaya ba. Na karɓa na yi godiya na sa a akwati. Na ce a raina, toshiyar baki ce. Wata rana ma har na yi tunanin ko da gangan ta kama haya a gidan, don in zama a ƙarƙashin idonta. Ban taɓa tambayarta ba, har suka tashi ban sani ba.

Mijin ya bugo waya ya ce a bi na Malam, in Auta ta samu lafiya makaranta za su koma, kada a bar su a baya. Sai ta yi abin da hannunta ya iya. Ta warware ɗinkin littafin, ta sa reza ta cire takardar nan guda, ta mayar ta ɗinke. Na ga littafin daga baya, wallahi ko mai buga shi ba zai ce an taɓa ba. Abu ɗaya ta manta, ita ce ta koya wa 'yarta ƙirga.

Ranar wata Laraba da hantsi ina tsintar tsakuwa a shinkafa Tsuntsuwa ta shigo da littafin a ƙirjinta. Innar ƙasa suke ce mini.

"Innar ƙasa, bayan tamanin da shida me ke zuwa?"

"Tamanin da bakwai mana. Gwada ni kike yi, 'yar nema?"

"To duba. Tamanin da shida, sai tamanin da tara. Mama ta ce kuskuren masu bugawa ne." Ta matso ta rage murya. "Amma zaren nan na Mama ne. Shi take yi wa fararen riguna."

Na ce ta je ta tambayi uwarta.

"Na tambaya sau biyu ta ce in rufe mata baki. Ba komai. Ran Asabar Baffa Malam zai zo, zan ce ya kawo mini nasa. Yana da su da yawa a makaranta."

Ta fita tana tsalle. Shinkafar nan ban ƙara ganin tsakuwa ɗaya a cikinta ba. Yarinyar da ta gane zare za ta haɗa mai gadi da masaƙa da hannun kakanta kafin ta kai ƙarshen layi na huɗu.

Bayan la'asar Uwar Biyu ta sauko. Shekara biyu muna gida ɗaya ba ta taɓa wuce bakin ƙofata ba, ranar ta shigo har tsakiyar ɗaki, tef a wuyanta. Auta ce ta gaya mata inda 'yar uwarta ta je.

"Inna, me kika ce mata?"

"Ban ce komai ba."

"Shi ne abin da yake hana ni sakewa. Shekara biyu kina kallona ba ki ce komai ba. Baba ya wuce ki amsa masa sallama kamar ana zare miki ƙaya. Gara ki zage mu in san inda nake."

"Ke ma shekara biyu kina yi mini ɗinki ba ki ce komai ba. Na me ne?"

"Na me? Na ga abu ya yage na ɗinke."

"Rigar filon ma yagewa ta yi?"

Ta zauna a bakin gado ba tare da na ce ta zauna ba. Ta ce ran Asabar ta shiga uku, in ta hana Malam kawowa yarinyar za ta samo a wani wajen, ta san abin da ta haifa. Ta ce ita an kaɗa mata makullai ta rayu, amma tsohon nan yaran nan ne kaɗai suka rage masu taɓa hannunsa ba su kawar da kai ba.

Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe. Na gaya mata abin da maigidana yake faɗa, na umarnin ofis, da makullin da ake hawa da shi sama kowace safiya.

Na zaci za ta yi kuka ko ta gode. Ta dube ni yadda take duban yadin da ya zuba.

"Kin sani."

"Na sani."

"Tun lokacin."

"Tun kafin lokacin."

"Baba ya faɗa a gaban kwamiti. Ya ce ya hau ofis a guje ya samu a kulle, ya dawo yana dukan kwaɗon da dutse har naman hannunsa ya manne. Suka ce ina shaida. Manaja ya rantse bai taɓa ganin makullin ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Inna, kina sallah a kan wannan shekara ashirin da huɗu?"

Na ce mata dai abu ɗaya, don shi ma gaskiya ne. Na ce kwaɗon da hannunsa yake ɗana shi kullum, yana sane da mutane a ciki, kuma bai taɓa cewa a'a ba.

"Na sani," ta ce. "Shi ma ya sani. Kina tsammanin me ya sa yake sunkuyar da kai?"

Ta tashi ta fita ba sallama. Ranar Alhamis ba ta gaishe ni ba. Mun haɗu a famfo ta jira na gama na ba ta wuri. Keke kuwa ya yini yana gudu ba tsayawa. Da yamma na ga matar nan ta waya ta zo ta kwashi manyan littattafanta huɗu, Auta tana biye da ita har ƙofa tana ɓata rai.

Ranar Juma'a da safe, tun tsohon bai zo ba, ta yi sallama a ƙofata. Takardun tsohuwar malamar ne a hannunta, an yi musu sabon bango da yadi. Ta ce ta yanke shawara. Na Malam za su riƙa yi saboda jarrabawa, takardar ma ta mayar da ita inda ta cire, amma ba za su buɗe wajen ba sai sun yi wannan. Kuma ba za ta jira sati na biyar ba, yau za su yi shi, bayan la'asar, in kakansu ya tafi.

Har a lokacin zuciyata ba ta daina zato ba. Na ce a raina, ga abin da ake ta yi wa ɗinki ya iso, so take in wanke mata uba a gaban jikoki. Na ce, "In kin turo su, duka zan faɗa. Ba zan rage don ke ba."

"Da ragewa nake so ai ina da reza," ta ce. Ba ta yi murmushi ba, kuma ba ta kalle ni ba, bangon takardun take murzawa da babban yatsa. "Ki faɗi kwaɗon, ki faɗi makullin, ki faɗi shirun da kika yi, in ba ki faɗa ba ni zan faɗa. Abu ɗaya nake roƙo, Inna. Kada ki fara da Baba. Littafin cewa ya yi ma'aikata goma sha ɗaya, ko ni ban san ko ɗaya a cikinsu ba. Ki fara da mijinki. Ki gaya musu yadda yake, dogo ne ko gajere, me yake ba shi dariya, me ya ce miki da zai fita ranar. In sun san shi, sai ki kai su bakin ƙofar."